Yadda Ake Ƙarfafa Aksul ɗin Gaba na Land Cruiser Ba Tare da Walda Ta Lanƙwasa Shi Ba

Duk wanda ya ja da baya ya dubi tsohuwar Land Cruiser ta fuska, irin wadda ta yi shekara da shekaru tana bin hanyar Agadez zuwa Dirku da Bilma, ko wadda take kwaso buhunan hatsi daga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, sau da yawa zai ga saman tayoyin gaba ya sunkuyo ciki, ƙasansu kuma ya buɗe waje, kamar ƙafafun mai gwame. Mai motar yakan ɗauka saiti ne ya goce, ya kai ta wurin masu daidaita taya, su juya tayarod, wato sandar sitiyari da ke haɗa tayoyin gaba, su karɓi kuɗinsu, bayan wata biyu kuma ya tarar gefen ciki na tayoyin ya cinye alhali gefen waje yana nan da zanensa. A motar da ke da aksul guda wanda ya haɗe tayoyin biyu, babu wani noti da za a murɗa a miƙar da tsayuwar taya. Idan ta karkace haka, ko dai boris (zoben ƙarfe mai 'ya'ya da taya ko gwiwa ke juyawa a kansa) ya mutu, ko kuwa kuben aksul ɗin ne da kansa ya lanƙwashe.

Wannan bayani ya shafi Land Cruiser masu irin wannan aksul, wato samfurin 70 da kamfanin Toyota ya fara fitarwa a 1984 kuma har yanzu yake ƙerawa, da samfurin 80 na shekarun 1990 zuwa 1997, da samfurin 105 wanda ya biyo baya a 1998. Tsofaffin Hilux masu aksul guda a gaba su ma ƙirarsu ɗaya ce, sai dai kayansu sun fi ƙanƙanta. Motocin da kowace tayar gaba take motsi ita kaɗai, kamar samfurin 100 da Hilux na zamani, ba sa cikin wannan magana.

Ya kamata a fara sanin sassan, domin kowannensu da irin lalacewarsa. Akwai kube, wato doguwar kwasfar ƙarfe da ake gani daga waje, wadda take ɗauke da nauyin gaban mota. A wajen tsakiyarsa, amma an gusa da ita zuwa dama, akwai tukunyar giya, inda babbar giya mai siffar zobe da ƙaramar giyar da farfela (sandar da ke kawo juyin inji) ke juyawa suke cizon juna. Saboda wannan gusawa, hannun hagu na kuben ya fi na dama tsawo. A ƙarshen kowane hannu akwai ƙwallon ƙarfe da aka yi wa walda, a kansa kuma gwiwa, wato ƙarfen da ke ɗauke da taya, take juyawa bisa ƙananan boris biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, duk lokacin da aka murza sitiyari. A cikin ƙwallon nan mahaɗin Birfield yake, wanda shi ne yake ba shaf, sandar da ke cikin kube, damar ci gaba da juya taya ko da ta karkata hagu ko dama.

Abin da ke lanƙwasa kube

Nauyi kaɗai ba ya cika lanƙwasa kube. Abin da ke yi masa illa shi ne nauyi tare da gudu. Idan mota mai lodi ta tashi daga kan tudun rairayi ta dira da gabanta, ko ta faɗa zaizayar da ruwan sama ya yanka a kan burji direba bai taka birki ba, ƙasa tana tura tayoyi sama, nauyin inji da bodi kuma yana danna kujerun sifirin ƙasa. Tazarar da ke tsakanin kujerar sifirin da tsakiyar taya ita ce take zama kamar hannun magirbi, ta ninka ƙarfin bugun, shi ya sa lanƙwasar ta fi faruwa a wuyan ƙwallo da kuma daf da kujerar sifirin. Injin 1HZ mai silinda 6 da lita 4.2 ba ƙaramin nauyi ba ne, ga garkuwar ƙarfe a gaban mota, ga batir na biyu, ga na'urar jan igiya. Idan shokzoba ya mutu, ko robar da ke tare aksul kafin ya bugi shasi ta yage, to ƙarfe ne zai daki ƙarfe kai tsaye. Wanda ya ƙarfafa kube ya bar mataccen shokzoba, ya yi aikin baban giwa.

A lura da inda lanƙwasar take nufa, domin duk aikin walda da za a yi nan gaba ya rataya ne a kan wannan: ƙarshen kube biyu suna ɗagawa sama, tsakiya tana nutsewa.

A auna kafin a taɓa injin walda

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne a lafta ƙarfe a kan kuben da ya riga ya karkace, domin daga ranar an kulle karkacewar ke nan, babu matsi da zai sake miƙar da ita cikin sauƙi. Saboda haka aikin farko shi ne tantancewa.

A ɗaga gaban mota a ɗora shi bisa ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, kada a dogara da jak shi kaɗai. A kama taya ta sama da ƙasa a jijjiga. Idan tana rawa, a sa wani ya taka birki a sake jijjigawa. Rawar da ta ɓace bayan an taka birki ta boris ɗin taya ce, wadda ta rage kuwa ta boris ɗin gwiwa ce. Dole ne a kawar da duka biyun kafin a yarda da kowane awo. Bayan haka a sauke motar a kan siminti mai lebur, iskar tayoyi daidai, sitiyari a miƙe, sannan a jingina miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kowace ƙafa a auna karkatarsa da ma'aunin kusurwa, ko da na wayar hannu ne. Lafiyayyen aksul na Land Cruiser yakan nuna saman taya ya ɗan kwanta waje da kimanin digiri 1. Idan gefe ɗaya ya koma ciki, ko kuwa gefen biyu sun saɓa da juna sosai, kuben ya motsa.

Akwai wasu alamun da makanike mai lura yake gani tun kafin awo. Oyilsil na ciki, wanda ke raba man giya da giris ɗin gwiwa, yakan yi ta yoyo ko an sa sabo, saboda shaf ɗin ba ya juyawa a tsakiyarsa. Idan aka buɗe gwiwa sai a tarar da wani baƙin kunu mai wari yana tsiyaya a bayan taya, maimakon giris mai kauri. Haka kuma wajen mayar da shaf, lafiyayyen kube yana karɓarsa da ɗan juyi kaɗan, amma karkatacce sai an yi ta dambe da shi.

Awon da ya fi inganci sai an sauke aksul an tuɓe shi tas. Masu wannan sana'a suna zura doguwar sandar ƙarfe da aka gyara a injin sassaƙa, ta ratsa ta zobba da aka sa a mazaunin boris na tukunyar giya, ta fito ta ƙarshen biyu. Inda sandar ta kauce wa tsakiyar ƙwallo, nan ne lanƙwasar take, kuma ido yana ganin yawanta. Ƙaramar lanƙwasa ana iya miƙar da ita da matsin haidirolik, a hankali, ana yi ana aunawa. Kuben da ya tsage, ko wanda bututunsa ya tattare kamar gwangwanin da aka taka, bai cancanci gyara ba. Gara a nemi wani lafiyayye a wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko makamantansu, shi ma a auna shi kafin a biya kuɗi.

Gwiwa tukuna

A ganina, rabin abin da mutane suke kira raunin aksul ba rauni ba ne, rashin kula ne da gwiwa. Hannun sitiyari yana ɗaure a jikin gwiwa da kusoshi 4 masu zare, kowanne da wosha mai siffar mazurari da ke cije shi. Gargada tana sassauta notinsu sannu a hankali, kuma da zarar sun yi sako-sako sai kusoshin su fara lanƙwasa gaba da baya har su karye ɗaya bayan ɗaya, ranar da na ƙarshe ya tafi kuwa taya ta rabu da sitiyari. A samfurin 80, littafin kamfani ya ce a ɗaure su zuwa niyutan-mita 96, da sifana mai ma'auni. Sifanar da aka zura wa fayif aka hau da ƙafa ba ta san adadi ba, takan ja kusa har ta miƙe ta yi rauni. A sa sababbin kusoshi na asali ko masu ƙarfin da ya fi su, a wanke ramukan zaren daga giris, a ɗiga maganin kulle zare, sannan bayan an ɗaure a ja layin fenti daga noti zuwa jikin hannun, yadda direba zai gane da kallo ɗaya idan wani ya motsa.

Tun da an buɗe, a canja boris ɗin gwiwa na sama da na ƙasa, a mayar da siraran faifan saiti kowanne inda aka ciro shi, domin su ne suke daidaita zaman gwiwa, sannan a gwada taurin juyawar gwiwar da ma'aunin sifirin a kwatanta da adadin da ke littafin wannan samfurin. Mahaɗin Birfield yana son giris mai sinadarin molibdinam, wanda ake ganewa da launinsa na toka-toka mai duhu, boris ɗin taya kuma yana da nasa giris ɗin dabam. Notin ƙafa, wanda ke riƙe boris ɗin taya, yana buƙatar soket mai milimita 54. Wanda ya ga an ɗauko kurfi da guduma za a kwance shi, ya san inda ya kawo motarsa.

Aikin walda

Kuben Land Cruiser yana da wata fa'ida a nan: da farantin ƙarfe aka matsa shi aka haɗa, tukunyar giyar kuma ana kwance ta gaba ɗaya a ajiye gefe. Wannan ya bambanta da aksul ɗin Dana 30 da Dana 44 na motocin Jeep a Amurka, inda wannan al'ada ta ƙarfafa aksul ta fi yaɗuwa. A can, tsakiyar aksul ɗin zubin ƙarfe ce da aka cusa wa bututu biyu, kuma kafin a yi mata walda sai an gasa ta zuwa digiri 200 ko sama da haka, a yi amfani da sandar walda mai nikel, a kuma lulluɓe ta ta huce a hankali, in ba haka ba ta tsage. Akan kuma cusa wani bututu a cikin na asali don ƙara masa kauri. Mai Land Cruiser ya huta da yawancin wannan wahala, amma bai huta da zafi ba.

Ƙari iri biyu ake yi. Na farko shi ne tokari a wuyan ƙwallo, wato guntun faranti da aka yanka daidai da siffar wurin, ya haɗa gindin ƙwallon da jikin bututu ta sama, wani lokaci har da ƙasa. Na biyu shi ne abin da za a iya kira gada, wato dogon akwatin ƙarfe da ake ɗorawa a bayan kube, musamman a kan dogon hannu, daga gefen tukunyar giya zuwa kusa da kujerar sifirin. Hikimar gadar tana cikin tsayinta, ba kaurin farantinta ba. Katakon da aka shimfiɗa a kwance yana lanƙwasa idan an taka shi, amma idan aka tsayar da shi a kan gefensa sai ya ɗauki mutum uku bai motsa ba, domin idan aka ninka tsayin dogari mai kusurwa huɗu sau biyu, taurinsa yana ninkuwa sau 8. Saboda haka farantin milimita 5 ko 6 da aka naɗe shi ya zama akwati ya fi dunƙulen ƙarfe mai nauyi amfani. Nauyin da aka ƙara wa aksul nauyi ne da ba ya bisa sifirin, duk lokacin da taya ta daki dutse shokzoba ne zai yi fama da shi.

Kafin a yanka ƙarfe, a yanka kwali. A yi samfurin gadar da kwalin katan, a ɗora a kan aksul yana jikin mota, a cire sifirin ko a danne gaban motar har aksul ya taɓa robar tsayawa, sannan a duba tazarar da ta rage tsakaninsa da kwanon baƙin mai, da sandar da ke riƙe aksul ta gefe a motoci masu naɗaɗɗen sifirin, da sandunan sitiyari a lokacin da aka murza shi har ƙarshe ta kowane ɓangare. Samfurin 70 ya koma naɗaɗɗen sifirin a gaba ne a 1999, don haka gadar da ta dace da wadda aka ƙera kafin wannan shekara ba lallai ta dace da ta bayanta ba. Na taɓa ganin wata mota da aka yi wa gada mai kyan gani a wani gareji, ba a yi wannan gwaji ba. Ramin farko da ta faɗa da lodi, gadar ta fasa kwanon mai, baƙin mai ya bi rairayi, aka kwana biyu ana jiran wanda zai jawo ta. Ana iya sa gadar ta ƙasa, amma sai an yarda da asarar tazarar da ke tsakanin mota da ƙasa, wadda ita ce jarin motar daji.

A tuɓe kuben gaba ɗaya: shaf, tukunyar giya, oyilsil, bututun birki, komai ya fita. A wanke mai da giris na ciki da waje, domin abin da ya rage zai kama wuta ko ya shiga cikin walda ya bar ta da ƙofofi. A guji wanke wurin da maganin feshi na wanke birki mai sinadarin kilorin, saboda idan wutar walda ta taɓa ragowarsa yana haifar da iskar fosjin mai kisa. A goge fenti da tsatsa da giranda har ƙarfe ya yi fari. Idan lalura ta sa dole a yi wani ɗan aiki aksul yana jikin mota, a cire kan batir, a kuma maƙala wayar ƙasa ta injin walda daf da inda ake aiki, don kada wuta ta ratsa ta cikin boris ta ƙona shi.

Ƙarfen da walda ta narkar yana tsukewa idan ya huce, kuma yana jan abin da ke gefensa. Idan aka ja dogon layin walda a saman kube, saman zai gajarce, ƙarshen biyu su ɗaga sama. Wannan ita ce ainihin lanƙwasar da ake gudu tun farko. Ma'ana, mai walda mai gaggawa yana iya yi wa aksul a cikin awa ɗaya abin da hamada ba ta yi masa ba a shekara goma, kuma ya kulle ɓarnar da gadar da ya ɗora. Maganin wannan abu uku ne da suke tafiya tare: ɗauri, gajeren ɗinki, da haƙuri.

A ɗaure kuben a kan katafaren dogarin ƙarfe, irin wanda ake gina rumbun ajiya da shi, a tokare tsakiyarsa daga ƙasa, a janyo ƙarshen biyu ƙasa da sarƙa har su ɗan wuce miƙe da ƙanƙanin abu, yadda idan walda ta ja za su dawo daidai. Wanda yake da sandar awo ya bar ta a ciki, yana juya ta da hannu lokaci zuwa lokaci, domin da zarar ta fara cijewa kuben ya fara tafiya ke nan. A ɗiga walda a wurare da yawa a kafa gadar tukuna, a sake aunawa. Daga nan a riƙa yin ɗinki na santimita 3 zuwa 5, ɗaya a gaba, na gaba da shi a baya kuma a can wani ƙarshen, ana tsallakawa ana dawowa, kada a yi biyu a jere a wuri guda. Bayan kowane zagaye a dakata har mutum ya iya ɗora tafin hannunsa a wurin ya bar shi. Aikin da aka yi yadda ya kamata yakan ci yini guda, kuma mafi yawan yinin zaman jira ne. Mai motar da yake tsaye a kan mai walda yana duba agogo, shi ne yake jawo wa kansa.

Kada a zuba ruwa. Al'ada ce a wuraren walda na bakin titi a ɗebo ruwa a gwangwani a watsa wa aiki don a samu a ɗauka da wuri. Ga ƙofar gida ko gadon ƙarfe babu laifi, amma ga aksul, sanyin farat ɗaya yana sa gefen waldar ya yi tauri mai karyewa, ya kuma ja kuben ta inda ba a zata ba. Wuyan ƙwallo ya fi sauran wurare kauri, don haka yana da kyau a ɗumama shi da wutar gas kafin a fara, bayan an gama kuma a rufe shi da busasshen yashi ko toka ya huce da kansa.

Sandar walda ma abin dubawa ce. Wadda aka fi samu a kasuwa ita ce 6013, mai sauƙin kamawa, mai kyan fuska, amma ga abin da zai sha bugu 7018 ta fi dacewa, saboda waldarta ba ta cika tsagewa ba. Sharaɗinta shi ne ta kasance a bushe, domin rigarta tana shan laima, musamman da damina, don haka a buɗe sabon kwali ko a gasa ta kafin aiki. Mai kaurin milimita 3.2 tana son wajen amfiya 110 zuwa 140, kuma ta fi lafiya a injin da ke ba da wuta mai tafiya hanya ɗaya. Idan wutar lantarki ta yi rauni, sanda tana liƙewa, walda tana taruwa a sama kamar kashin tsuntsu ba ta shiga jikin ƙarfe ba, to a dakata a nemi janareta mai ƙarfi. Irin wannan walda ado ce kawai.

Abu na ƙarshe a wannan fage shi ne yadda gadar take ƙarewa. Idan ta tsaya cak da tsayinta, duk ƙarfin bugu zai taru a daidai wannan layi, nan kuma tsaga za ta fara. A sassaƙe ƙarshenta ya gangaro a hankali har ya kwanta a jikin bututu, kuma kada a zagaye bututun da walda kamar zobe, a bi tsawonsa. A rufe akwatin ruf, ko kuwa a bar masa ƙofar da ruwa zai fita, don kada laka ta kwanta a ciki tsatsa ta ci kuben a ɓoye. Sai ya huce sarai za a kwance sarƙa, a sake auna shi kamar yadda aka yi da farko, sannan a yi fenti.

Kayan ciki, da abin da ya kamata a bari ya karye

Taya 7.50R16 da aka saba gani a waɗannan motoci tsayinta kusan inci 32 ne, kuma da ita kayan ciki na asali suna ɗaukar shekaru. Wanda ya koma inci 35, ko ya sa makullin da ke haɗe tayoyin gaba biyu su juya tare, shi ne yake fara fasa mahaɗin Birfield, galibi a lokacin da sitiyari yake murɗe har ƙarshe, taya tana juyawa a iska, ta dira ta kama ƙasa farat ɗaya. Akwai shaf da mahaɗi na ƙarfen kuromoli mai lamba 4340 da ake sayarwa don wannan matsala. Suna jure murɗa ƙwarai, sai dai sukan fi na asali saurin cinyewa a motar da tayoyinta huɗu suke ja kullum, kamar yawancin samfurin 80. A samfurin 70, da ake sakin ƙafafun gaba idan an hau kwalta, wannan ba damuwa ba ce sosai. A duba kuma notin da ke iyakance juyawar gwiwa, domin idan an cire shi ko ya lanƙwashe, mahaɗin zai riƙa wuce kusurwar da aka yi shi dominta.

Sai dai a yi tunani kafin a sayi mafi ƙarfin komai. Ƙarfin da ya isa ya karya wani abu ba ya ɓacewa don an ƙarfafa abin, gaba yake yi ya nemi na kusa. Giyar gaba a samfurin 80 da samfurin 70 na bayan 1990 inci 8 ce, ta baya kuwa inci 9.5, kuma ta gaban an yanka haƙoranta ne yadda za su yi ƙarfi a tafiyar gaba. Rauninta yana bayyana idan ana ja da baya da nauyi, misali a ɗaura igiya a gaban mota a sa ribas a fizgo wadda ta kafe. Mahaɗin da ya fashe ana iya zare shi a daji a toshe ramin, a saki ƙafa, a dawo gida da tayoyin baya. Haƙoran giya da suka zube kuwa sai babban gareji da kuɗi masu yawa. Ga motar da take nisa da gari, ni na fi son a bar mahaɗi na asali mai kyau, a ɗauki na ajiya a akwatin kaya, a kuma juya motar a ja da gindinta duk lokacin da za a ceto wata. Idan an riga an buɗe tukunyar giya, yana da amfani a maye gurbin zoben tazara mai matsewa da ke tsakanin boris biyu na ƙaramar giya da daskararre, amma wannan aikin wanda ya iya saitin giya ne, mai shafa wa haƙora launi ya karanta inda suke cizo.

Ƙananan abubuwa biyu suna biyan kuɗinsu. Ɗaya shi ne faranti mai kauri a gaban tukunyar giya, inda dutse yake fara duka. Ɗayan kuma shi ne mashaƙar iska da ke saman kube: aksul mai zafi idan ya shiga ruwan ƙorama yana hucewa nan take ya zuƙo ruwa ta oyilsil, don haka a sa mata tiyo a hau da shi can sama cikin ɗakin inji. Sandunan sitiyari kuwa, idan sun lanƙwashe a canja su da masu kauri. Kada a gasa su a miƙar, kada kuma a yi wa hannun sitiyari walda ko kaɗan.

Bayan an mayar da komai, a zuba man giya mai lamba GL-5 har ya kai bakin ramin cikawa, a fitar da iska daga birki, a saita tayarod, sannan a fara gwaji a hankali a fili, ana murza sitiyari har ƙarshe hagu da dama ana sauraro. Motar da aka ɗaga da dogon sifirin, idan ta riƙa yawo a hanya ko sitiyarinta ya ƙi dawowa tsakiya da kansa, kwanciyar gwiwa ce, wato yadda samanta ke karkata baya, ta ragu, kuma ana gyara wannan da robobi ko faranti na musamman a hannuwan da ke riƙe aksul. Bayan tafiyar farko a kan gargada, a dafa kowace ƙafa a ji ko ta yi zafi fiye da 'yar'uwarta, a bi layukan fentin da aka ja a kan notin gwiwa, a sake ɗaure notin taya, sannan a wanke gadar a haska tocila a ƙarshenta biyu da wuyan ƙwallo. Tsaga tana fara bayyana ne kamar siririn zare mai launin tsatsa a gefen walda, kuma idan an gan ta a wannan mataki, ana huda ƙaramin rami a kowane ƙarshenta don ta daina tafiya, a rarake ta da giranda, a sake cikawa da gajeren ɗinki kamar na farko.